Huntun da Ke Kwanciya a Tokar Wanzami

Shekarun baya, lokacin ina kabu-kabu a Birnin Konni, wata cuta ta kama ni wadda ba a sayar da maganinta a kanti, wato kallon namun daji a waya. In rana ta take fasinja suka yi wuya, abokan aikina su miƙe a kan baburansu suna gyangyaɗi, ni kuwa in duƙufa ina kallon turawa da gajeren wando suna bin sawun dabbobin da ba a ma tabbatar da akwai su ba. Har na kai ga yarda cewa irin aikin da ya dace da ni ke nan, ƙaddara ce kawai ta ɗora ni a kan babur. Mutum bai gama lakwal ba, wato makarantar boko, amma yana mafarkin a raɗa wa wata dabba sunansa. Haka nake a lokacin, ba zan ɓoye muku ba.

Wata ranar kasuwa a farkon ɗari na ɗauko wani makiyayi da ya sayar da tumakinsa zai koma tasha. Muna tafe yana ba ni labari ta bayan kunne, ya ce wani abu ya fito can wajen Dogarawa.

"Kamar kare, amma ba kare ba na," in ji shi. "Kamar dila, amma dila bai yawo da rana tsaka. Kuma babu gashi ko ƙwara guda ga jikinai. Hwata sumul, kamar ta mutum. Huntu suka ce mai."

Saura kaɗan in afka wa mai kura da ruwa. Da na tambayi sunan ƙauyen, sai ga shi garin da aka haifi mahaifiyata ne, inda kawuna yake zaune. Na ce shi ke nan, Allah ya kawo mini rabona har gida. Na lallaɓi abokina mai ɗaukar hoton biki, na cika masa kunne da cewa duniya za ta san mu, muka ɗaure kaya a babur muka kama hanya.

Kawun nan nawa yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne wanzamin garin. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi wa kusan duk wanda ke ƙasa da shekaruna a ƙauyen, shi ke yin ƙaho, shi ke cire belu. Abin da kowa ya san shi da shi, ba shi da gashi. Tun yana saurayi wani zazzaɓi ya kwantar da shi, da ya tashi sai gashin kansa da girarsa da ɗan gemun da ya fara tsirowa duk suka zube, ba su sake dawowa ba. Bai taɓa ɗaukar abin da zafi ba. In yara suka tsaya kallonsa sai ya ce musu a kansa ya fara koyon aski, hannu ya zarce. Abu ɗaya ne ke damunsa, sanyi. Da ɗari ya shigo sai ya riƙa kwana da wuta a ɗaki, da asuba ya kwashe tokar da sauran ɗuminta ya zubar bayan danga, don gidansa ne na ƙarshe kafin daji.

A zaurensa muka sauka. Da na faɗa masa abin da ya kawo mu, ya dube ni ya dubi abokina da na'urar hotonsa a wuya, ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a. In kun kama shi ku kawo mani, in diba ko wa yay yi mai askin."

Muka shiga aiki haiƙan, irin yadda na gani a waya. Mun bi rugage da gonaki muna tambayar duk wanda ya ce ya gan shi. Wani ya ce ya kai maraƙi girma, wata ta ce bai wuce ɗan akuya ba, wani dattijo ya rantse da ƙafa biyu ya ga yana tafiya. Mun riƙa share rairayin bakin tabki da tsintsiya da yamma, mu dawo da safe mu duba sawu. Ranar da muka sami wani sawu mai kyau, na je Malbaza na samo ɗan siminti a leda, muka kwaɓa muka zuba a ciki, ya bushe muka ɗaga. Na riƙa yawo da wannan dunƙulen siminti a aljihu ina nuna wa mutane kamar na tsinci zinariya. Abokina kuma ya kwashe hantsi guda a kan bishiyar kalgo yana jira, hoton da ya samu kawai na bayan jakin wani ne.

A teburin mai shayi abin ya fara, kuma da wasa ya fara. Wani saurayi ya karɓi simintin ya jujjuya, ya ce, "Ku bar wahal da kanku. Wa ka aski garin ga? Ku tambayi wanzami, ko shi yay yi ma dila ƙwal-kwabo."

Na kusa da shi ya ce, "Ko ko shi na da kainai. Ai su biyu kaɗai na babu gashi ƙasag ga."

Aka fashe da dariya. Da labarin ya kai kunnen kawu shi ma ya yi dariya har da tafa hannu. Ba wanda ya ɗauka maganar za ta wuce teburin nan.

Amma sai kaji suka fara ɓacewa a gidajen bakin gari. Aka tsinci ɗan akuya an cinye masa ciki. Wata yarinya ta yi kiciɓis da Huntu a hanyar gona, ta dawo da gudu, da yamma zazzaɓi ya rufe ta. Sannan wata mata da ta yi sammakon zuwa rijiya ta ce da idonta ta ga Huntu ya miƙe daga cikin tokar bayan gidan wanzami, ya kakkaɓe jiki ya shige cikin kara, ba a jima ba sai ga wanzami ya leƙo ta kan danga, hannuwansa duk toka.

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce to, sai me? A wajenmu akwai tsohuwar magana da kakanni ke ba jikoki, cewa mutumin da ke rikiɗa ya koma kura sai ya tuɓe ya yi birgima a cikin toka. Kuma an daɗe ana ganin wanzamai mutane ne masu asiri. Mutane suka haɗa wannan da wancan, har suka samo dalilin rashin gashin. Suka ce rikiɗa tana canja jiki ne, amma gashi da naka kake zuwa, shi kuwa ba shi da ko ɗaya da zai tafi da shi.

Ba wanda ya zo ya faɗa masa a fuska. Da an yi haka da ya fi sauƙi. Abin da ya faru, maƙwabcinsa ya yi haihuwa, ranar suna sai ga wani wanzami an ɗauko a mota daga Malbaza. Kawu ya riga ya wasa askarsa tun jajibiri, ya rataya zabira a kafaɗa, ya fito ƙofar gida, ya ga baƙon yana shiga. Ya tsaya kaɗan, ya juya ya koma ya mayar da zabirar a ƙusa. A masallaci kuma, in ya shiga sahu, na damansa da na hagunsa sai su ɗan matsa, a bar gurbi kamar ana jiran wani. Ni na riƙa cike gefe ɗaya, ɗayan ya kasance a buɗe. Mata suka hana ƴaƴansu bi ta ƙofar gidan. Matarsa, wadda suka tsufa tare ba su sami haihuwa ba, ƴan'uwanta suka zo suka ce ta zo ta duba wata mara lafiya a garinsu, aka tafi da ita da akwatinta.

Labari ya kai Konni, mahaifiyata ta shigo motar kasuwa ta zo. Ta same ni a zaure ina goge dunƙulen simintina. Ba ta zauna ba, ba ta amsa gaisuwata ba.

"Kai, kana nan kana wasa da siminti ana cin naman yayana da rai?" in ji ta. "In dabba ta, kawo ta su gani. In ba ka iyawa, ɗauki babur ɗinka ka koma Konni, ka bar ƙara ma mutane abin hwaɗi."

Daga ranar nan na daina mafarkin a san ni. Abu ɗaya ya rage mini a kai, in wanke kawu.

Da la'asar na same shi a tsakar gida yana wasa aska a jikin fata, alhali ba kan da zai aske. Na ce, "Kawu, don Allah, abin nan da ake cewa ya kwanta a bayan gida, ka taɓa ganin sa?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kullum. Dila na, ɗana. Ƙazwa tac cinye mai gashi. Tun shigowar ɗari shika zakkuwa shi kwanta cikin habɗin da nika zubarwa, don akwai sauran ɗumi. Har ɗan ƙanzo nika aje mai."

Na zabura na ce to me ya hana shi faɗa mini tun ranar da muka zo?

"Na ga kuna jin daɗin biɗarku," ya ce. "Kuma na san in kun gane shi, samari za su bi shi da sanduna. Mi yay yi? Ni da shi sanyi guda muka ji."

Na ce ya tashi mu je gaban maigari ya maimaita wannan magana. Ya gwada kaifin askar a farcensa, ya ce duk garin nan bakin da ba a yarda da shi ba yanzu shi ne nasa. Na ce to mu yi kwanto a bayan danga gobe da asuba, mu tara shaidu. Ashe mun makara. A yammacin nan samari suka zo da shebur suka watsa tarin tokar, suka jibga ƙaya a wurin. Huntu bai sake zuwa ba.

Bayan ƴan kwanaki abokina ya yi sa'a, ya hango shi yana tsallake wata gona ya ɗauki hoto daga nesa. Hoton bai fita sosai ba, amma ana ganin ƙafafu huɗu da dogon baki da wutsiya kamar igiya. Muka garzaya Illela wajen likitan dabbobi. Ya duba, ya ce dila ne mai ƙazwa, kuma ba yau ya fara ganin irinsa ba. Ya ce cutar tana hana su farauta, shi ya sa suke matsowa gari su fito da rana, kuma da wuya ya kai ƙarshen ɗari. Na roƙe shi ya zo ya faɗa wa mutane da bakinsa. Ya ce zai zo in ya gama zagayen rigakafin shanu. Ban ga laifinsa ba, shi kaɗai ne ga garuruwa masu yawa.

Na sa hoton a wayata na kai ƙofar maigari, inda dattawa ke zama a ƙarƙashin bishiyar bedi. Wayar ta zaga hannu hannu. Wani ya riƙe ta a juye, wani ya ce a wayar jikansa ya ga akuya na magana, don haka hoton waya ba shaida ba ne. Na ce likita ya ce dila ne. Wani dattijo mai farin gemu, wanda kawu ya yi wa ƴaƴansa duka kaciya, ya ce, "Mu ma ba mu ce bai yi kama da dila ba. Wa ac ciki, shi muka tambaya."

Maigari mutumin kirki ne, amma ba ya son rigima. Ya ce, "Yaro, abu mai sauƙi na. Haɗa muna su wuri guda. Ga wanzami tsaye, ga Huntu kwance, kowa shi gani da idonai. Ran nan ni da kaina za ni kai mai kaina shi aske, gaban jama'a."

Na ce na yarda. Na fita ina jin ƙarfi, a ganina aikin mako guda ne.

Na sa wani mai walda a Malbaza ya haɗa mini keji da guntayen rodi, mai ƙofar da ke faɗowa in an ja nama. Na riƙa karɓo hanjin kaji wajen masu fiɗa ina sawa a ciki. Na ɗana shi a bakin tabki, na ɗana a fadama, na ɗana a tsohon ramin da ake haƙar ƙasar gini. Ya kama karen wani mafarauci, ya kama bushiya, ya sake kama karen nan dai, wanda da alama ya gane inda ake rabon nama kyauta. Abokina ya yi haƙuri iyakar iyawarsa, amma lokacin bukukuwa ya zo, kuma yana da iyali. Ranar da zai tafi ya kasa haɗa ido da ni. Na kai shi bakin kwalta na dawo ni kaɗai.

Na bi kwazazzabai, na leƙa ramuka, na koyi bambanta kashin dila da na kare da na ƴanyawa, ilimin da har yau bai amfane ni da komai ba. Na rame, leɓuna suka tsage. Makiyaya suka saba da ni, in sun hango ni sai su ɗaga sanda su nuna inda suka ga sawu. Sau da yawa ina isa in tarar da wurin da ya kwanta, da ɗan ɓawon fata a ƙasa, shi kuwa ya wuce.

A cikin wannan hali na lura ɗakin kawu ya daina hayaƙi. Na tambaye shi, ya ce itace ya yi wuya. Ƙarya ce, ga itace nan jibge a tsakar gida. Mahaifiyata ce ta faɗa mini gaskiya, ta ce ya rantse ba zai sake hura wutar da za ta bar toka ba, kada a ce ga shaida. Mutumin da ko a bazara yake yafa mayafi da asuba, shi ne ya riƙa kwana a ɗaki mai sanyi a tsakiyar ɗari. Muka yi, muka yi, ya ƙi. Na kawo masa bargo daga Konni, bai wadatar ba. Tari ya fara, ya sauka a ƙirji. Na kai shi wajen likita a Dogarawa aka yi masa allurai, ya ɗan ji dama, ya dawo gida. Amma ba ya cin abinci, kuma ba mai shigowa gaishe shi in ban da liman, shi ma daga bakin zaure. Mutumin da a da ba ya wuni ba tare da ya riƙe kan wani a tafin hannunsa ba.

Wata Bafillata mai tallan nono ce ta tare ni wata yamma ta ce kwana biyu tana ganin abin nan a wani kwazazzabo can gabas da rugarsu, kuma ba ya gudu. Washegari bayan sallar asuba na leƙa ɗakin kawu. Mahaifiyata na zaune a gefensa, numfashinsa yana fita da ƙara. Na durƙusa na ce, "Kawu, yau in Allah ya so zan kawo shi."

Ya buɗe ido da ƙyar. Ya ce, "In ka ishe shi, kak ka ɗaure shi da ƙarhi. Hwatar tana ciwo."

Wurin da nisa, kuma rairayi ne, rabin hanyar tura babur na yi. Sai da hantsi ya ɗaga na sami Huntu, kwance a gindin wata sabara inda rana ke bugawa. Jama'a, abin da ya hana gari barci, abin da na ɗauka zai kai sunana ƙasashen turawa, bai kai ɗan akuya ba. Fatarsa toka-toka, duk ta tsattsage ta yi ɓawo, haƙarƙarinsa a waje, kunnuwan sun zaizaye, kwantsa ta liƙe masa ido ɗaya. Yana rawar sanyi a cikin rana. Ya dube ni da ɗaya idon, ya ɗan yage baki, ko ƙarfin gurnani ba shi da shi. Ban buƙaci keji ba. Na cire rigar sanyina na naɗe shi, na sa a kwali na ɗaure a kan tanki a gabana, sako-sako kamar yadda kawu ya ce.

Ni da ban taɓa yi wa dabba addu'a ba, ranar nan na yi. Ina tafe ina cewa ya Allah ka bar masa numfashi ya kai ƙofar maigari, daga nan ka yi yadda ka so da shi. Ina yi masa magana kamar fasinja, ina cewa yi haƙuri, an kusa. Can na ji ya motsa a cikin rigar, na ji daɗi. Daga baya ban sake jin komai ba, na ce barci ya yi, kuma na ƙi tsayawa in duba.

Na shigo gari dab da azahar ina danna oda. Na hango ƙofar maigari cike da mutane, na ce alhamdulillahi, ko kiran su ba sai na yi ba. Na kafe babur, na sauke kwalin a tsakiyarsu, na ce, "Ga Huntu nan! A je a tallabo kawu, ko a kan gado ne!"

Ba wanda ya motsa. Liman ne ya taso ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, wanzami ya cika tun da hantsi. Ashe abin da ya tara su ke nan, ana shawarar wanda zai yi masa wanka.

Ban san lokacin da na durƙusa na buɗe rigar ba. Dilan ya riga ya sandare, bakinsa a buɗe. Mutane suka matso suka yi da'ira. Dattijon nan mai farin gemu ya sunkuya ya duba, ya ɗago ya ce, "Yaushe yam mutu?"

Na ce a hanya.

"Da hantsi?"

Na ce ban sani ba, ban duba ba.

Ya dubi na kusa da shi ya ce, "To."

Na gane abin da wannan "to" ke nufi, na miƙe ina ihu. Na ce ku duba da kyau, ga shi nan a gabanku, ga kawu can kwance a ɗakinsa, jiki biyu ne, me kuma kuke so? Ba haka kuka ce ba, a haɗa muku su wuri ɗaya? Na juya wajen maigari, ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa. Dattijon ya ce, cikin natsuwa, ba tare da ko ɗaga murya ba, "Tsaye munka ce, yaro. Jiki biyu, awo, mun gani. Rai guda na."

Liman ne ya yi wa kawu wanka, ni ina zuba ruwa. Waɗanda suka tsaya sallar ba su cika sahu ɗaya ba, a garin da kusan babu namijin da hannun kawu bai taɓa kansa ba. Matarsa ta iso bayan an rufe shi. Mahaifiyata ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ta shiga ɗakin ta sauko da zabirar daga ƙusa, ta ce in kai ta tasha, kuma tun daga ranar ba ta sake taka garin da aka haife ta ba. Samari sun so su ƙone dilan, na hana, na kai shi bayan danga inda tokar take a da na binne shi da rigar. Likitan dabbobi ya cika alkawari, ya zo bayan an share makoki, ya yi bayani a ƙarƙashin bedi, aka saurare shi cikin ladabi, aka ba shi fura.

Mutane kan ce duk abin da ya sami mutum akwai darasi a ciki. Na daɗe ina neman nawa, abin da na samu ba shi da daɗin faɗa. Na ɗauka in ka kawo wa mutane gaskiya a kwali ka ajiye a gabansu, magana ta ƙare. Ban san suna iya ɗaukar ta su ƙara a kan abin da suka riga suka yarda da shi ba. Kuma ba mugaye ba ne, shi ya fi ci mini rai. Masu salla ne, masu kai wa maƙwabci tuwo, yawancinsu ƴan'uwana ne. Wani lokaci ina cewa da na bar shi ya mutu a gindin sabararsa, da ba wanda ya san ranar, da wataƙila maganar ta bi iska. Wani lokaci kuma in ce da sun samo wata hujjar. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Na daina kallon namun daji a waya. Dunƙulen simintin yana nan, da shi nake tare ƙofar ɗakina in iska na kaɗawa.

Bara waccan na ɗauko wani saurayi daga tasha, ɗalibi ne, da jaka a baya da waya mai tsada. Da ya ji ni ɗan wajen Dogarawa ne ta wajen uwa, sai ya ce ko na san labarin wanzamin nan da ke rikiɗa? Ya ba ni shi tsaf, da tokar, da kajin, da yarinyar da ta yi zazzaɓi. Na ce masa ni dai na ji an ce dila ne mai ƙazwa.

Ya yi dariya ya ce, "Haba malam, wane dila? Rana guda sunka mutu, sa'a guda. Kuma ba wani bare yat tona mai asiri ba. Ɗan ƙanwatai na, da kainai, yab bi shi daji wata da watanni, yak kamo shi yak kawo gaban maigari."

Na ce masa ya riƙe da kyau, akwai rami a gaba.